Garin Neman Tsayuwar Malam, Gwiwa Ta Tafi

Duk wanda ya yi wata shida a filin koyon Taiji, wasan faɗa da motsa jiki na ƙasar Sin, ko a ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan ko a makarantun da ke gindin dutsen Wudang a Hubei, ya san layin baya. Can ake tura masu naɗe gwiwa da bandeji. Yawancinsu ba ragwaye ba ne, su ne ma masu riga kowa fitowa da asuba a makonnin farko. Abu ɗaya ya kai su can: sun ga malam ya yi ƙasa har cinyarsa ta kwanta daidai da daɓe, suka ce su ma sai sun kai nan kafin wata ya mutu.

Gwiwa aikinta irin na ƙyauren ɗaki ne, ta buɗe ta rufe. Juyi kuwa aikin kwankwaso ne, musamman lungun da cinya ke haɗuwa da mara, wanda Sinawa ke kira kua. Malamin da aka sa a fili tun yana yaro, kua ɗinsa a sake yake, ya sauka ya juya ba tare da gwiwa ta sani ba. Wanda ya fara yana ɗan talatin, bayan shekaru a kujerar aji ko ta ofis, nasa a ɗaure yake tamau. Idan ya tilasta, jiki zai nemo juyin a wani wuri, gwiwa kuma ita ke biyan bashin. Ta karkata ciki, ta bar layin yatsun ƙafa, nauyi ya sauka a karkace a kan guringuntsin gwiwa. Da farko ɗan zafi ne ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa in ana saukowa daga bene. Sai kumburi da safe. Wata rana kuma a ji ƙas, ƙafa ta ƙi miƙewa.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne ƙashin ma ba ɗaya ba ne. Kusurwar wuyan ƙashin cinya a jikin baligi tana kamawa daga digiri 120 zuwa 135, zurfin ramin da kan ƙashin ke zama a ciki kuma kowa da nasa. Miƙa jijiya tana sassauta tsoka, amma ba ta sassaƙa ƙashi. Akwai mutumin da ko shekara goma ya yi yana miƙa, tsugunnon malam ba nasa ba ne.

A cikin taku 24 da hukumar wasannin ƙasar Sin ta tsara a 1956, wurare biyu ne suka fi cin gwiwa. Na farko sauya ƙafa a tafiyar gaba. Ƙa'ida ita ce a koma da nauyi ƙafar baya, a ɗaga yatsun ta gaba, a juya ta waje a kan diddige kamar digiri 45, sannan a mayar mata da nauyi. Mai sauri yakan tsallake komawa bayan, ya murɗa ƙafa alhali nauyi na kanta, tafin ƙafa ya kafe, gwiwa ta murɗe. Na biyu taku na 16 da na 17 ne, inda ake sulalewa ƙasa kamar maciji a tashi a ƙafa ɗaya. Nan ne masu neman burgewa ke ɗaga diddige su zube a kan gwiwa.

Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, kuma a nan ba zan yi kara ba. Akwai irin malamin da ke zagawa yana danna kafaɗun yara ƙasa yana cewa chi ku, wato a ci ɗaci, a sha wuya. Shi gasa ce a gabansa, inda alƙalai ke rage maki in tsayuwa ta yi sama, ga kuma baƙi masu ɗaukar hoto. Bai damu ya bambance musu zafi biyu ba. Ƙunar tsokar cinya da rawar da take yi, wannan ɗaci ne mai amfani, a daure. Suka a cikin gaɓa kuwa gargaɗi ne, a tashi nan take. In yaro ya ji rauni, sai a ce zuciyarsa ce ba ta natsu ba, a mayar da shi layin baya, a jawo wani gaba. Kuɗin wata kuwa ba a mayarwa.

Abin haushin shi ne hikimar Tao, tsohuwar falsafar Sinawa da ake rubutawa a bangon waɗannan filaye, akasin haka take koyarwa. Kalmarta ziran, ma'anarta abu ya kasance yadda yake da kansa. Zhuangzi, masanin Tao wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, a littafin da ke ɗauke da sunansa akwai labarin saurayin Shouling da ya tafi birnin Handan don koyon takun mutanen can. Bai iya nasu ba, ya manta nasa, da rarrafe ya koma gida. A wani babin an ce ƙafar agwagwa gajera ce amma in ka ƙara mata ka cuce ta, ta gauraka doguwa ce amma in ka rage ka sa ta kuka. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sai dai kada malalaci ya samu mafaka a nan. Ziran ba ya nufin kowa ya yi abin da ya ga dama. Mahauci Ding na wannan littafin sai da ya shekara uku yana fiɗa kafin ya daina ganin sa a dunƙule, ya fara ganin gaɓoɓi. Wuƙarsa ta yi shekara 19 ba ta dakushe ba domin tsakanin gaɓa take bi, alhali gama-garin mahauta duk wata suke sauya wuƙa saboda saran ƙashi. Sanin jikinka aiki ne mai cin lokaci kamar wannan.

Ga yadda ake auna tsayuwar kai. A ware ƙafafu faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba. A sauka a hankali kamar za a zauna a bakin gado, ƙoƙon gwiwa na bin layin yatsa na biyu. Da zarar diddige ya fara sauƙi, ko gwiwa ta leƙa ciki, ko ƙugu ya gantsare, an wuce iyaka. A ɗago kamar faɗin yatsu biyu, nan ne wurinka, kuma a wannan tsayin za a yi taku daga farko har ƙarshe ba hawa ba sauka. Tsayuwar turke, zhan zhuang, wato tsayawa cik a wuri ɗaya, a fara da minti biyar, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako har a kai ashirin. A tsayuwar baka, wato ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, kashi 70 na nauyi a ƙafar gaba, 30 a ta baya, kuma kada ƙafafun su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya. Alƙalin gaskiya matakalar bene ce washegari da safe. In cinya ce ke tsami, a ci gaba. In gwiwa ce, jiya an zarce.

Sauran darussan gajeru ne. Madubi na gyara hannu amma yana koya wa mutum yin wasa don ido. Numfashi ba a tilasta masa bin taku a shekarar farko, da kansa yake daidaita. Kayan siliki ba sa ƙara komai. Musulmin da ya je makarantar da ke haɗe da wurin bauta ya faɗa tun ranar farko, cikin ladabi, cewa ba ya kunna turare ko rusunawa gaban gunki, ya fi ya yi ta noƙe-noƙe. Ba baƙon abu ba ne a can, don Musulmin ƙabilar Hui sun daɗe a fagen wasannin faɗa na Sin, shahararren gwani Wang Ziping na garin Cangzhou ma cikinsu yake.

Wanda gwiwarsa ta riga ta kumbura ya dakata, ya ɗora ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, ya ɗaga ƙafar. In tana maƙalewa ko tana kuɓucewa, likitan ƙashi zai gani, kada ya tsaya ga man shafawar da malam zai miƙo. Gefen waje na guringuntsin gwiwa ne kawai jini ke isa sosai, in tsagar ta ciki ce ba kasafai take haɗewa da kanta ba.