Maganar mayar da altaneta jikin furofela

Kwanan nan zancen nan ya yi yawa a wajen samari masu son mota, wai a cire altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, daga jikin inji a kai ta ƙarƙashin mota a ɗaura mata bel da furofela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, inji ya huta ya ƙara ƙarfi. Ni kam abin bai kwanta min ba sam.

To wa ke juya furofelar? Ai injin ne dai, ta cikin giyabos. Wutar da fitilu da fanka da rediyo suke sha daga man tankinka take fitowa ko ina ka ɗaura altanetar, sai ma ka ƙara asara tunda yanzu ƙarfin sai ya ratsa giya kafin ya iso gare ta. Kuma nawa ma take ci? Mai amp 90 a volt 14 wat 1,260 ke nan, ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, kusan rabin abin da take ja kuma zafi yake zama, to ka ce doki 3 in an kunna komai da komai. Da rana batir a cike bai fi doki ɗaya ba.

Masu tseren mota a Amurka suna yi, gaskiya ne, amma su injinsu juyawa yake kamar zai tashi sama har ya fi ƙarfin altaneta, ga ƙarancin wuri a gaba, kuma motarsu ba ta tsayawa. Mu fa? Ka shiga gosulo a Kano da magariba fitila a kunne, mota a tsaye furofela a tsaye, babu caji ko kaɗan, batir na ta zuba har ka kashe mota ta ƙi tashi sai turi. Ga ƙura, ga ruwan damina da zai riƙa dukanta a ƙasan nan. Masu Golf da Corolla ma ba su da furofelar, gaba suke ja.

Inda ake samun riba shi ne lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko kana taka birki, nan gudun motar ne ke juya komai kyauta. BMW sun kama wannan tun wajen 2007, kwamfutar mota ke sa altaneta ta fi yin caji a irin wannan lokacin, kuma ba su matsar da ita ko'ina ba, tana nan jikin inji da bel ɗinta.

In wutar ce ke damunka ka je wajen rewaya ya auna maka caji, ya duba bel, ka sa ƙwan LED, ka rabu da mataccen batirin da ke sa ta aiki ba hutu.