Godiya ga waɗanda suka ɗauki wannan kaya tare da ni

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, sakamakon jarrabawar GMAT da na sake rubutawa ya fito, Allah ya ba ni 645. Bara 515 na samu. Tun jiya nake amsa kiran barka, amma akwai mutanen da "na gode" ta waya ba za ta ishe su ba.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce jarrabawar da makarantun koyon harkar kasuwanci da dama, musamman a Amurka da Turai, ke nema kafin su ɗauki ɗalibin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci. Tambaya 64 ce cikin awa biyu da kwata, an kasa ta uku: lissafi, fahimtar rubutu da auna hujja, sai nazarin bayanai na jadawali da zane. Makin yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. Kwamfutar kuma tana bin sawunka: ka amsa daidai ta ƙaro mai wuya, ka kuskure ta sassauta, sassaucin nan kuwa maki yake ci.

Karon farko ɓoyewa na yi, daga ni sai Abban yara. In tashi aiki a Sabon Garin Zariya ƙarfe biyar, in iso Samaru, ga girki ga yara, sai sha ɗaya na dare in buɗe littafi, barci ya kwashe ni a kansa. A Abuja na rubuta, ina gamawa makin ya bayyana a gabana. Daga tashar jirgin ƙasa ta Idu har Rigasa hawaye nake sharewa da mayafi, ina tuna kuɗin rajista da muka biya da dala.

Hajiya, surukata kuma uwata, ke kika fara gane akwai abin da ke cina. Da na faɗa miki ba ki ce in haƙura da karatun ba. Cewa kika yi, "Ke da kike da mu, ya za ki ce sai kin ɗauki jinka da hannu ɗaya?" Daga ranar, kowace Asabar yara suna wurinki a cikin birni har la'asar, su dawo a ƙoshe, har da tuwon darenmu a kwano. Wata biyar ba ki fasa ba ko sau ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Sai Malam na Tudun Wada, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Zama ɗaya ya yi da ni ya ce matsalata ba lissafi ba ce, gardama ce da agogo. Sashen lissafi tambaya 21 ne a minti 45, babu kalkuleta, wato kowace tambaya rabonta minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Ni kuwa sai in kafe a kan guda har minti shida saboda ba na son ta kayar da ni, ƙarshe in cike sauran da ka. Malam ya koya mini in zaɓi wata amsa ga tambayar da ta ƙi, in sa mata alama in wuce, tunda ana barin mutum ya gyara amsa uku a kowane sashe idan lokaci ya rage. Ya kuma sa na buɗe littafin kurakurai: duk wadda na faɗi in rubuta dalili, rashin sani ne, gaggawa ce, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Da muka duba bayan wata guda, gaggawa ta fi yawa. Sau uku ina kai masa ɗan abin hasafi yana mayar mini, wai in saya wa yara madara. Malam, Allah ya saka da Aljanna.

Abban yara, kai ka ce in bar karatun dare in koma bayan asuba. Cikin sanyin hunturun Samaru kana shirya yara makaranta ina kan tebur, in an ɗauke wuta ka kunna mini fitilar sola. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Ina godiya ga Oga da ya ba ni hutun mako guda, da abokiyar aikina da ta rufe mini lissafin ƙarshen wata ita kaɗai. Haka 'yan uwana biyu da muke haɗuwa a Kongo ranar Lahadi muna gwajin jarrabawa da agogo a gabanmu. Ɗayarku za ta shiga tata nan gaba kaɗan, Allah ya ba ki fiye da abin da na samu.

'Yan uwa da ƙawaye da na kasa zuwa bikinku da sunanku, har da gaisuwar da na yi ta waya alhali ƙafa ta kamata, don Allah ku yafe mini. Ba wulaƙanci ba ne, kuma zan bi ku gida gida in sha Allahu.

Yanzu saura neman gurbi da tallafin karatu. Sakamakon yana aiki har shekara biyar, amma bana nake son in tura takarduna, a taya ni da addu'a. Littattafaina kuma suna nan, har da na kurakuran. Duk 'yar uwar da ke shirin wannan jarrabawa a Zariya ta yi mini magana ta zo ta karɓa.