Bashin karatu: abin da na gani a takardar yarjejeniya

Da bashi na yi digirina, kuma har yanzu ina biya. In ɗalibi ya zo neman shawara, ba na damuwa da nawa za a ba shi. Tambayoyina biyu ne: yaushe ruwa ke fara hawa, kuma in ka gama aiki bai samu ba, yaya za a yi?

Bashina mai ruwa ne, kuma ruwan ya fara ƙirguwa tun ranar da aka tura kuɗin zangon farko asusun makaranta. Sharaɗin yana can ƙasan takarda da ƙananan haruffa. Kawuna, wanda ya tsaya mini, shi ya ɗora yatsa a kan layin kafin ya sa hannu, ya ce, "Ɗana, karanta mini nan da ƙarfi." Na karanta: duk ruwan da ya taru ina makaranta, ranar da na kammala za a haɗa shi da uwar kuɗi, sabon ruwa ya riƙa hawa kan jimillar. Wato ruwa ya haifi ruwa. Shi ya sa duk hutu nake koyar da yara darasi, in rage ruwan tun bai taru ba. Ban iya biyansa duka ba, amma abin da na rage ya yi mini rana.

Bashin kuma kuɗin makaranta kawai ya ɗauke. Haya, littattafai, kuɗin mota, buga kundin bincike na shekarar ƙarshe, duk a wuyana suka zauna, kuma a nan na ga abokai da dama sun sare.

Da aka fara cira daga albashina, watannin farko kusan duk kuɗin ruwa ne ke cinyewa, uwar kuɗi ko gezau. Yanzu in na samu rara na ƙara biya, sai na rubuta musu cewa a kan uwar kuɗi za a cire, don in ka yi shiru, wasu masu ba da bashin lissafa shi suke a matsayin biyan wata mai zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne adadin biya na wata ba ruwansa da halin da kake ciki. Ba ko'ina haka yake ba. Ostireliya tun 1989 ta ɗaure biyan bashin ɗalibai da abin da mutum ke samu: sai kuɗin shigarka ya kai wani mataki za a fara cira, ta hanyar haraji. A Ingila masu digirin farko suna biyan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura wani ma'auni, kuma bayan shekaru masu yawa ana yafe abin da ya saura. Da irin wannan aka miƙo mini, ko ruwansa ya ɗan fi, shi zan ɗauka, don a watannin da na yi ina yawon neman aiki, wayar kawuna suke bugawa.