Neman lambar yabo ga Inna

An ɗora mini aikin tattara tarihin wata dattijuwa a cikinmu 'yan aikin sa kai, don a gabatar da sunanta a karrama ta. Inna muke ce mata. Ta yi jinyar masu amai da gudawa, ta wanke raunin waɗanda suka yi haɗari a hanya tun wasunmu suna goye, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Sai da na fara karanta yadda ake ba da irin waɗannan lambobi. Lambar Florence Nightingale, mai ɗauke da sunan wata shahararriyar ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, an amince da ita ne a taron ƙungiyar agaji ta Red Cross a Washington a 1912, amma ba a fara bayarwa ba sai 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk bayan shekara biyu ake ba da ita ga ma'aikatan jinya da masu taya su aikin sa kai, kuma ba a wuce mutum 50. A da mata kaɗai ake ba, sai a 1991 aka shigo da maza. Na ji daɗi ƙwarai da na ga 'yar Nijeriya, Kofoworola Abeni Pratt, ta samu a 1973.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce lambar aikin jinya na sa kai ta Birtaniya da aka kafa a 1932 zamanin Sarki George na Biyar. Ba ta neman bajinta ta rana ɗaya. Shekara 15 na aikin sa kai ake ƙirgawa, sannan duk ƙarin shekara biyar a ƙara wa mutum alama a jikin lambar. Ƙirga kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutu.

Nan na sha wahala. Aikin Inna yana bakin mutane, ba ya cikin takarda. Na bi gida-gida ina neman waɗanda ta yi jinya, wasu sun rasu, wasu sun tashi. Da na tambaye ta shekarar da ta fara, cewa ta yi: "Ɗan nan, wanda na yi dominSa ai Ya rubuta." Gaskiyarta ne, kuma ban ja da ita ba. Amma kwamiti shaida yake nema, da kwanan wata.

Yanzu duk fitar da muka yi, kafin mu watse sai na rubuta rana da wuri da sunan duk wanda ya zo, mutum biyu su sa hannu. Bayanan Inna kuma na miƙa su tare da shaidar mai unguwa da ta wata tsohuwar ungozoma da suka yi aiki tare.