Kyaftin, Alƙaliya da Kociya: Abin da Na Koya a Filin Kurket na 'Yan Mata

Wasan kurket yana da wata siffa da ba kasafai ake samun irinta a sauran wasannin ƙungiya ba, kuma a kanta muka gina aikin da muke yi da 'yan mata masu tasowa a filin wata makarantar firamare ta unguwarmu a Kaduna. A ƙwallon ƙafa koci yana tsaye a bakin layi yana ba da umarni da ƙarfi, yana sauya 'yan wasa yadda ya ga dama, amma a kurket da zarar 'yan wasa 11 sun shiga fili, magana ta koma hannun kyaftin. Ita ce za ta zaɓi ko su fara bugu ko su fara jifa idan ƙuri'a ta faɗa kansu, ita ce za ta nuna wa kowace inda za ta tsaya, kuma duk bayan jifa 6, wato zagaye ɗaya, sai ta yanke wadda za ta karɓi ƙwallo ta yi jifa, tana sane da cewa a wasan T20, wato gajeren wasan da kowace ƙungiya take jifan zagaye 20, babu mai jifan da aka yarda ta wuce zagaye 4 cikin 20. Dokokin wasan ma kansu kyaftin suka ɗora wa alhakin ladabin 'yan wasanta. Ke nan yarinya 'yar shekara 15 takan yanke shawara sau da dama cikin awa guda, a gaban jama'a, ta kuma ga sakamakon kowace shawara nan take.

Wannan dama tana lalacewa ne idan manya suka kasa kame bakinsu. Na sha ganin koci a gasar makarantu yana zagaya bakin fili yana nuna wa kyaftin wadda za ta matsar da wadda za ta ba ƙwallo, har yarinyar ta saba da waiwayo kafin ta yi komai. Ƙungiya irin wannan tana iya cin kofi, amma ba ta samar da shugaba. A filinmu mun yi ƙa'ida ni da malamar da muke aikin tare cewa babba ba ya magana sai an fito hutu, kuma ko a hutun tambaya yake yi. Idan na ce wa kyaftin, "Me kika gani da kika janye mai tsaron gefen hagu?", amsarta takan nuna mini ko tunani ta yi ko kwaikwayo, kuma sau da yawa ita da kanta take gano gyaran tun kafin ta rufe baki.

Wurin zaɓen waɗanda za su horar da ƙanana kuwa, gwaninta a wasa ba ta cika zama ma'auni ba. Wadda ta fi kowa iya bugu a cikinmu ba ta da haƙurin koyarwa, domin abin da hannunta ya iya tun farko ba ta san yadda ake wahala kafin a iya shi ba. Wadda ta fi kowa iya koyarwa wata yarinya ce mai sanyin murya da ke riƙe mana littafin maki, wadda ta daɗe tana fama kafin ta iya jifa ba tare da lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe ta ba, domin doka ta haramta yin hakan. Da aka ba ta 'yan shekara 8 zuwa 10, sai ta ɗebo toka ta zana da'ira a ƙasa 'yan taku kaɗan gaban turaku ukun da mai jifa take auna, mai bugu kuma take karewa, ta tsayar da su a karkace, tana maimaita musu cewa, "Hannunki ya shafi kunnenki, sannan ki saki." Ƙwallon tanis ne da muka naɗe da salatif, sandar bugun ma ta roba ce, amma kafin zangon karatu ya ƙare yawancin yaran suna sauke ƙwallo cikin da'irar, suna kuma kiranta Anti ko a hanya suka haɗu da ita.

Alƙalanci ne ya fi komai wuya, kuma a nan tarbiyyarmu ta kara da kunya take shigowa. Yarinyar da aka rene ta a kan kada ta musa wa na gaba da ita, yanzu an ce ta ɗaga yatsa ta fitar da yayarta daga wasa, ko ƙawarta da suke zama benci ɗaya a aji. Da farko sai ka ga ta sunkuyar da kai, ko ta yi murmushi ta ce ba ta gani ba. Abin da ya taimaka mana shi ne tsarin wasan kansa, domin alƙaliya ba ta fitar da kowa sai masu tsaron fili sun nemi hukunci, don haka amsa tambaya take yi bisa doka, ba neman kowa da faɗa ba. Mun kuma yi alkawari cewa duk hukuncin da ta yanke a fili ya zauna, ko da mun ga ta yi kuskure, gyara kuwa sai bayan wasa kuma tsakaninmu da ita kaɗai. A ganina wannan goyon baya ya fi duk wata lacca a kan shugabanci amfani, domin wadda aka warware hukuncinta a gaban ƙannenta sau ɗaya da wuya ta sake ɗaga yatsa.

Babbar matsalar ba a cikin fili take ba. Tsakanin shekara 14 zuwa 16 ne 'yan mata suke ɓacewa daga wasanni: aikin gida ya ƙaru, ga Islamiyya da yamma, ga masu cewa ta girma da guje-guje. Kayan kurket, dogon wando da riga mai hannu, sun sauƙaƙa mana magana da iyaye, tunda ana iya ɗora ƙaramin hijabi a kai ba tare da ya hana komai ba. Malamarmu ce take shiga gidaje ta zauna da iyaye mata, ni kuma in tsaya da iyaye maza a zaure ko a ƙofar masallaci. Wani dattijo da ya riga ya hana 'yarsa zuwa ya ce mini, "Malam, in dai koyar da yara za ta yi ban hana ba, amma kafin Magariba ta kasance a gida." Tun daga nan muka mayar da lokacin tashi ya zama abin da ba a tattaunawa a kansa, kuma babu ranar da ake buɗe fili ba tare da babbar mace a wurin ba, saboda kociya 'yar shekara 16 ita ma yarinya ce da ake da alhakin tsare ta.

Akwai haɗarin da ya kamata masu irin wannan aiki su ji tsoronsa, wato a mayar da 'yan matan ma'aikatan da ba a biya, su kwashi kaya, su yi rainon ƙanana, sannan a kira abin horon shugabanci. Wadda take koyarwa dole a ba ta kuɗin mota, a bar mata nata lokacin atisaye, a kuma nema mata takardar shaida. Hukumar kurket ta duniya, ICC, tana da kwas na matakin farko ga masu horarwa wanda ake yi ta intanet, kuma abin da yake hana yaranmu shi ne waya da data, don haka a wayar malama suke yinsa bi da bi.

Abin da ke faruwa a matakin ƙasa yana ƙarfafa musu gwiwa. A watan Maris na 2024 tawagar matan Najeriya ta samu lambar tagulla a gasar wasannin Afirka a Accra, sannan a watan Janairun 2025 'yan ƙasa da shekara 19, ƙarƙashin kyaftin Lucky Piety, suka doke New Zealand da maki 2 a gasar cin kofin duniya a Malesiya, suka kuma doke Ireland daga baya. Jihar Edo ce ta fi fice wajen samar da 'yan wasa mata, alhali a Arewa an san kurket tun zamanin Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, sai dai wasan maza ne a lokacin. Abin da muka rasa shi ne mata masu horarwa da iyaye za su amince su miƙa musu 'ya'yansu, kuma ba daga wani wuri za a kawo mana su ba.

Saboda jarrabawar WAEC da NECO tana ɗauke mana kowace 'yar ajin ƙarshe na sakandare, mun tsara cewa duk wadda ta zama kociya sai ta zaɓi mataimakiya da ta girme wa da shekara 2. Tare suke shirya atisayen Asabar, kuma tun daga zango na biyu mataimakiyar ce take jagorantar rabin farko, babbar tana zaune a gefe da littafin maki, ita ma an hana ta magana sai an fito hutu.