Baduku da abin da idonsa ke gani

Ni baduku ne, shagona yana cikin garin Sakkwato. Ina da yara huɗu, biyu 'ya'yan 'yan'uwa, biyu kuma iyayensu ne suka kawo su koyo. Muna ɗinka tumtum da jaka da alabe da gafaka da kuben wuƙa, idan salla ta matso mu ƙara da takalma.

Fatar da muke aiki da ita ta jar akuyar nan ce tamu. Tun zamanin fatake ake haye Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai da sunan fatar Maroko. Wurin majema nake saye. Su ne ke jiƙa ta a ruwan toka gashi ya fita, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai har ta yi laushi. Launi kuwa duk daga gona da maƙera yake zuwa. Ja daga karan dafi ne, a daka a haɗa da kanwa. Rawaya daga gangamau, wato kurkum. Baƙi kuloko ne, wato ruwan da aka jiƙa tarkacen ƙarfe a ciki; da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi ƙirin, ba ya fita kuma. Shi ya sa ban yarda sabon yaro ya riƙe kuloko kusa da aikin da aka gama ba.

Koyar da hannu ba shi da wuya. Yaro mai natsuwa, kafin damina ta zagayo ya iya riƙon basilla, ya iya yanke siririn zaren fata bai tsinke ba. Ido ne ke ɗaukar shekaru. Sabon yaro idan ka ba shi fata ka ce ya yi zane, sai ya cika ta maƙil, dagi a kan dagi, ko wurin sa yatsa babu. A ganinsa yawan ado shi ne kyau.

Maganin da na samo wa wannan shi ne zabo. Nakan aiki yaro ya samo gashin zabo wurin masu fige kaji, ya shimfiɗa a kan tabarma, in ce masa, "Kai yaro, mi ka gani?" Da farko zai ce ɗigo-ɗigo ne fari a kan baƙi. Sai ya daɗe yana kallo kafin ya lura ɗigon ba girmansu ɗaya ba, akwai ƙanana ƙwarai akwai manya, kuma baƙin da ke tsakani shi ke sa farin ya fito. Ranar da ya gane haka, ranar zai fara barin fili a jikin fata. Filin nan shi ne rabin aikin tumtum. Jan ya samu wurin shan iska, zanen tsakiya ya tsaya da ƙafarsa.

Haka nake yi da fadamar Gulbin Rima. Idan ruwa ya ja baya, laka kan bushe ta tsattsage gida-gida, ba gida biyu da suka yi daidai, amma idan ka tsaya kan gadar Kwalkwalawa ka hango sai ka ga tsari guda. Daga nan na ɗauko zanen da nake yi a murfin jaka: in tsaga saman fatar da aska a hankali, in ɓare shi, farin da ke cikin fatar ya bayyana. Haɗin launi kuma masu albasa suka koya mani ba da saninsu ba. Dubi tarin albasa a kasuwa, ja mai duhu, ga ɗan busasshen ganye ruwan ƙasa, ga farin buhu a gefe. Ja ne ke da rinjaye, sauran 'yan rakiya ne. Ƙwaryar Fulani masu tallar nono ma makaranta ce: baki ya sha zane, ciki a sake.

Abin da ke damuna yanzu waya ce. Mai saye zai turo hoto ta WhatsApp ya ce, "Malam, irin wagga nike so, kada a canza komi." Hoton kuma jakar roba ce ta kamfani, wadda inji ya buga dubu a rana, kowane layi ɗaya da ɗan'uwansa. Ina yi, don ciniki ne, kuma yara na jiran kuɗin abinci. Amma fata ba roba ba ce. Kowace tana zuwa da halinta: ta wuya ta fi kauri, ta ciki tana miƙewa, wata da tabon ƙaya tun akuyar na kiwo. Baduku na gari yakan juya fatar ya ga inda tabon yake, ya sa zanen ya bi ta kansa ya rufe shi, kuma ba ya ɓata ko ɗan yanki, don fata ta yi tsada tunda manyan kamfanonin jima na Kano ke kwashe mai kyau.

Don haka kuɗi biyu nake faɗa wa mai hoto. Idan kwafi yake so, farashin ya fi, saboda sai na zaɓi fatar da ba ta da tabo na kuma yi asarar gefe. Idan ya bar mani zanen, in rage masa, ya dawo bayan mako biyu.