Jar Dara da Lambar 1903 a Kasuwar Chatham

Daga tashar Victoria a Landan zuwa Chatham tafiyar kusan awa guda ce a jirgin ƙasa, kuma rabin hanyar babu abin kallo sai bayan gidaje da shingen katako. Sai an doshi ƙarshe ne ido ke samun abinci: jirgin ya hau gadar kogin Medway, ga tsohuwar hasumiyar Rochester da babbar majami'arta a hannun dama, ga ƙananan jiragen ruwa kwance cikin taɓo saboda ruwa ya janye. Lahadi ce ta hunturu, sanyi har cikin ɓargo. Ɗan yayata da ke karatu a garin shi ya matsa min in zo.

"Kawu, tunda kai mai son tarkacen da ne, akwai kasuwar da ke ci a nan wata-wata. Ka zo ka ga mahaukatan da suka fi ka."

Kasuwar tana ci ne a tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi ta Chatham. Wajen shekara 400 Ingila ta yi tana ƙera jirage a wurin. A nan aka sassaƙa HMS Victory, aka tura shi ruwa a 1765, kafin a rufe ma'aikatar a 1984 a mayar da ita gidan tarihi. Ƙarƙashin wata makekiyar rumfa da ake gina jirgi a cikinta a da aka jera tebura, layi-layi. Tun daga ƙofa warin kafur da tsohon ulu ya tare mu. Yawancin mutanen dattijai ne masu furfura, kowa da gilashin ƙara girman abu rataye a wuya, ana magana ƙasa-ƙasa. Ba a kiran mai saye, ba a jan rigar kowa. Mai son abu shi zai tsaya ya tanka.

Kowa da layinsa. Wani ba ya taɓa komai sai maɓallan tagulla, wani hulunan ƙarfe, wani igiyoyin kafaɗa da aninai na hafsoshi. Akwai ɓangaren kayan Jamus na zamanin Hitila, inda aka fi cincirindo, na wuce shi ban tsaya ba. Wani tsoho da ya ga ina kallon jajayen riguna biyu na dogaran fadar Ingila ya ce in lura da maɓallan. Ni dai duk iri ɗaya na gani. Ashe jerin maɓalli ne ke faɗin rundunar: na Grenadier ɗai-ɗai suke, na Coldstream bibbiyu, na Scots uku-uku, na Irish huɗu-huɗu, na Welsh biyar-biyar. Ya juya maɓalli ɗaya ya nuna min sunan maƙerin a bayansa, Firmin, kamfanin da ke wannan sana'a tun ƙarni na 17. Ya kuma nuna min yadda ake karanta shekarun bajo daga kambin da ke samansa. Mai zagayayyen kai na zamanin sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa 1952. Mai lotsawa a tsakiya na Sarauniya Elizabeth ne, daga 1953.

Kayan fareti su ne abin alfaharin kasuwar, kuma da dalili. Bayan ɓarkewar yaƙin 1914 yawancin rundunonin Birtaniya sun ajiye jajayen riguna da zaren zinariya, aka bar su ga dogaran fada da 'yan badujala. Ke nan abin da ya rage ba ya ƙaruwa. Hafsa kuma da kuɗinsa yake zuwa wurin tela a ɗinka masa, telan ya liƙa ɗan ƙyalle a cikin aljihu mai ɗauke da sunan mai rigar da ranar ɗinki. Rigar tasa ce, ya mutu ya bar wa 'ya'ya, jikoki suka kai gwanjo. Dillali na farko da ya ɗauki riga, aljihun ciki yake fara laluba. Idan akwai suna, kuɗi ya tashi.

Can wajen ƙarshen layi na uku wani dattijo mai jar fuska ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ce kudu ko arewa? Da na ce Kano sai ya ajiye kofin shayinsa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani akwatin kwali.

Jar dara ce a sama, ta koɗe ta koma ruwan goro, da ɗan bajon tagulla mai siffar bishiyar kwakwa a goshinta. Alamar rundunar WAFF ke nan, wato rundunar sojojin Birtaniya ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a 1897, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 1928 ta zama RWAFF, aka rushe ta a 1960. Ƙarƙashin darar akwai 'yar shara ta mulufi ja wur, gajeriya, buɗaɗɗen gaba, an bi bakinta da zare rawaya. Da ita ake ɗaura jar ɗamara a kan gajeren wandon kaki, a naɗe ƙwauri da dogon ƙyalle. Shekaru da dama babu takalmi a ƙarƙashin wannan ado, ƙafa tsirara ake fareti. Na sha ganin shigar a tsofaffin hotuna marasa launi na Kaduna da Zungeru, amma ban taɓa kawo wa raina jan ya kai haka ba. Masu igwa shuɗiya suke sawa, in ji shi, saje da samanja kuma ana yi musu ƙarin aikin zare a ƙirji.

Na tambaye shi me ya sa ga rigunan hafsoshi birjik, amma ta sojan ƙasa guda ɗaya tak a duk rumfar. Ya ce ai ba tasa ba ce. Kayan ƙaramin soja na gwamnati ne, daga sito suke fitowa, sito suke komawa, a ba na baya ya sa har su yage. Ya nuna min hatimin mallakar gwamnati a jikin wata jakar fata, 'yar kibiya mai layi uku kamar sawun kaza. Abin da ya tsira daga sito kuma gara da asu da zafin ƙasarmu sun gama da shi. Wadda ke gabana wani Bature ne ya taho da ita gida a matsayin tsaraba. Abin ya tsaya min a rai. Dubban mutanenmu sun sa wannan riga, Hausa ce ma harshen bariki a rundunar, har taken rundunar Gold Coast ta Gana da Hausa yake, Kullum Shiri. Amma mai son taɓa rigar da hannunsa sai ya nemi biza.

Ɗan yayata ya ɗauki wani bajon kwakwa mai sheƙi daga faranti ya ce, "Kawu, wannan ya fi kyau, kuma ya fi araha." Dattijon ya yi dariya ya ce na jabu ne, shi ya sa ya ware shi, kuma ya rubuta hakan a jiki. Nan ya buɗe mana karatu. Gaban bajo ba ya faɗin gaskiya, bayansa ake dubawa: yadda aka liƙa 'yan kunnuwan da ake soka shi da su, ko zanen ya fito sarai ta baya, ko tsufan na shekaru ne ko na sinadari. Ga kayan ƙyalle yana da 'yar tocila mai shuɗin haske. Farin zaren zamani yakan yi walƙiya a ƙarƙashinta, na da kuwa shiru. Babban zunubi a wurinsu shi ne gogewa. Mu da muka saba a dirje tagulla da toka da lemon tsami sai ta ɗauki ido, a nan wanda ya yi haka ya zubar da rabin kuɗin kayansa.

Sai ya fito da ƙyallaye biyu 'yan ƙanana na kafaɗa. Ɗaya baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, alamar Runduna ta 81 da aka haɗa a Najeriya a 1943 aka tura Bama. Ananse ne na tatsuniyoyin Ashanti, wanda ke kayar da manya da wayo, wato dai Gizonmu na Ƙoƙi. Ɗayan mashi biyu ne gicciye a kan gammo, na Runduna ta 82. Gammon ba ado ba ne. A dazukan Arakan na Bama, inda mota ba ta shiga, a ka aka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa, kuma akwai rukunoni guda na sojoji da aikinsu ke nan. Duk wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, sunayen wancan yaƙi yake karantawa ko bai sani ba. Akwai lambar yabo ta Tauraron Bama guda uku a farantin, amma bayansu fayau. Lambobin yaƙin duniya na biyu haka Birtaniya ta raba su ba suna, don haka ba a san na wa ba ne, kuma ba su da tsada.

Ya bar babbar a ƙarshe. Daga cikin wata 'yar leda ya zaro lambar azurfa, kan Sarki Edward na Bakwai a gaba, ƙyallenta rawaya mai baƙin gefe da siraran layuka kore guda biyu. Lambar hidimar Afirka ce da aka ƙirƙiro a 1902. A saman ta an gicciya ɗan ƙarfe mai rubutu: N. NIGERIA 1903. Ya ce in juya gefenta. Da ƙananan haruffa an buga lambar soja, da muƙaminsa na farabiti, da sunansa: sunan yanka irin namu, sai sunan wani gari na ƙasar Hausa a gurbin sunan uba, kamar yadda aka saba rubuta sojojin lokacin, wane Kano, wane Katsina, wane Bauchi.

Shi dattijon lissafin ƙarafan yake yi: akwai na 1902, na 1903, na 1904, na 1906, wanne ya fi wuyar samu, wanne ya fi kuɗi idan an haɗa biyu a lamba ɗaya. Ni kuwa 1903 ba lissafi ba ce. Ranar 3 ga Fabrairu ta shekarar Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano ta wajen Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. A tsakiyar Maris Sakkwato ta faɗi, ranar 27 ga Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da jama'a masu yawa da suka bi shi hijira. Na 1906 kuwa na Satiru ne da Haɗeja. A makaranta ana ce mana Turawa sun ci Kano. Turawan da ke cikin ayarin 'yan tsiraru ne. Ɗaruruwan da suka riƙe bindiga baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana, ga kuma sunan ɗaya daga cikinsu a tafin hannuna. Ko bawa ne da ya gudu ya sami mafaka a bariki, ko albashi ya ja shi, ko yana da tasa a ƙasa da masu mulkin lokacin, azurfar ba ta faɗa ba.

"Kawu, ka saya mana," in ji yaron.

Kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, kuma ko da ina da su ban san inda zan rataye ta a gidana ba. Dattijon bai ji haushi ba. Ya nuna min yadda suke auna faɗin lamba da ma'auni, don wasu kan kankare sunan asali su buga na wanda ya fi shahara, sai gefen ya sirance. Ya ce rajistar waɗanda aka ba lambar tana ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew, ana iya bin lambar sojan a ga ko ya cancanci ƙarfen da ke kanta. Na kawo masa zancen Samanja Chari Maigumeri, wanda ya yi wa Jamus yaƙi a Kamaru, aka kama shi, ya koma wa Ingila ya yi Habasha da Bama, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. Idonsa ya yi haske, ya ce jerin lambobi irin nasa mai tara kaya sau ɗaya yake gani a rayuwa, idan ma ya gani.

Ba na ganin laifin waɗannan mutane, ko da yake sha'awar tasu ta fi karkata ga ƙarfe da zare fiye da wanda ya sa su. Su ne suka sa kafur, suka naɗe mulufi cikin takarda, suka hana a raba lambobin mutum ɗaya gida-gida. A unguwarmu akwai tsoho ɗan Bama da muka taso muna gani yana saka lambobinsa a kan babbar riga ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Bayan rasuwarsa na ga yara suna wasa da ɗaya a bakin kwata.

Na yi ciniki a kan gizo-gizon da bajon kwakwa na gaske. Ya sassauta min fam biyar, ya haɗa min da maɓalli ɗaya kyauta. 'Yar sharar ko tayawa ban yi ba. Ban da tsada, doka a gida ta hana farar hula yawo da kayan soja, kuma ba ni da niyyar tsayawa a shingen hanyar Kaduna ina yi wa kofur bayanin tarihin 1928. Takubba da wuƙaƙen bindiga da ke teburin gaba ma haka, ba abin dosar filin jirgi da su ba ne. Azahar ta gabato, yunwa ta fara magana, yaron ya ce akwai mai gasa kaza na halal a babban titin garin, tafiyar minti ashirin a ƙafa idan Kawu zai iya haurawa tudu.